Ciwon Baya da Aikin Gona: Me Ya Sa Kwanciya Ba Ta Warkarwa?

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar fisiyo ta yi wa taron ikilisiyoyin karkara gab da faɗuwar damina. Mun buga shi domin a karanta a taron zumuntar mata, da na maza, da na matasa.

Kafin in fara, ina roƙon duk wanda ƙugu ya taɓa riƙe shi har ya hana shi aikin yini guda ya ɗaga hannu. To, ku duba dama da hagu. Waɗanda ba su ɗaga ba ko yara ne, ko kuwa kunya suke ji.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2020 mutane miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya, wato abin da muke kira ciwon ƙugu. Ta ce kuma babu wani ciwo da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Amma ciwon bai zo mana daidai da ma'aikacin ofis ba. Shi in ya kwanta mako uku, albashinsa na tafiya. Manomin da ya kwanta mako uku a lokacin noman firi, ciyawa ce za ta ci gonarsa, iyalinsa kuma za su ji a jikinsu har shekara ta zagayo. Shi ya sa na roƙa a yi wannan taro yanzu, tun ba a shiga huɗa ba.

Aikina shi ne fisiyo. A asibiti wasu suna kiran wurinmu sashen gashi, gama suna ganin muna gasa jiki. Gashi yana ciki, amma kaɗan ne daga aikin. Babban aikinmu shi ne mu duba yadda mutum yake motsi, mu gane abin da ya sage da abin da ya raunana, sa'an nan mu koya masa motsin da zai komar da shi bakin aikinsa. Yawancin abin da muke koyarwa ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki. Tabarma ta isa.

Bari mu fara da yadda aka gina bayan nan. Ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, wani bisa wani, guda 5 na ƙasa kuwa su ne manya, su ne suke ɗauke da nauyin jiki da na kayan da muka ɗora a kai. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi da yake aiki kamar gammo. Ta tsakiyar ƙasusuwan nan laka da jijiyoyi suka bi, wasu jijiyoyin suka fito suka gangara ƙafafu har yatsu. Tsokoki masu ƙarfi na baya, da na ciki, da na ɗuwawu su ne suke riƙe da ginin duka. Gini ne mai ƙarfi ƙwarai, ba ya rushewa don an sunkuya.

A cikin mutum 10 masu ciwon ƙugu, wajen 9 ba su da karaya, ba su da wata muguwar cuta. Tsoka ce ko gaɓa ta gaji ta yi fushi. Ciwon yakan yi tsanani har mutum ya kasa miƙewa, duk da haka yawanci yakan yi sauƙi sosai cikin mako 6. Na san da yawanku kuna so a ɗauki hoto. Ku ji wannan. Masu bincike sun tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwo ko kaɗan, suka buga sakamakon a 2015. Sun sami faifan da ya bulluƙo a bayan mutum 30 cikin 100 na 'yan shekara 20, da 84 cikin 100 na 'yan shekara 80. Dukansu lafiya lau suke harkokinsu. Wato abubuwa da yawa da hoto yake nunawa kamar furfura suke, alamar shekaru ce. Kada a sayar da akuya don hoton da ba zai canja magani ba.

Amma akwai mutum ɗayan nan cikin 10, kuma ina so ku ba ni kunnuwanku a nan fiye da ko'ina, musamman masu ziyarar marasa lafiya gida gida.

In mai ciwon baya ya ce fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida yana zubo masa bai sani ba, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa da wurin zama, ko ƙafafunsa biyu suna mutuwa, to jijiyoyin ƙasan laka ne aka matse. Wannan ba na gobe ba ne. A nemi mota a ranar, a kai shi babban asibiti inda ake aikin tiyata. Jinkirin kwana biyu yana iya barin mutum ba ya riƙe fitsari har ƙarshen ransa. Mutanenmu suna jin nauyin faɗin irin wannan, don haka ku tambaya da kanku, a keɓe, mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji.

Na biyu shi ne tarin fuka. Mun saba da shi a huhu, amma yana shiga ƙashin baya ya ci shi a hankali. Ciwon yakan ɗauki watanni yana ƙaruwa, ba ya lafawa ko an kwanta, da dare ma ya fi tsanani. Mutum yana ramewa, yana gumi da dare, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, abinci ya fita ransa. Wani yana tari, wani ba ya yi ko kaɗan. Daga baya sai a ga wani ƙashi ya turo a gadon baya kamar ɗan doro. Mun sha karɓar irin waɗannan bayan an yi ta danna doron nan a gida ana cewa targaɗe ne, har ƙafafu suka shanye. Abin baƙin ciki shi ne cutar tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Sai dai na ƙashi yakan ɗauki har shekara guda ana sha, ba a tsallake rana. In an fara da wuri, mutum yakan koma gonarsa da ƙafafunsa. Yaro ƙarami da yake kukan ciwon baya makonni, ko ya ƙi sunkuyawa ya ɗauki abu a ƙasa, a kai shi a duba, gama ciwon baya ba na yara ba ne.

Haka nan wanda ya faɗo daga itace, ko daga babur, ko bango ya faɗo masa: kada a miƙar da shi zaune, kada a ja shi. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako a ɗauke shi a miƙe. Tsohuwar da ta zame ta faɗi zaune, baya ya riƙe ta nan take, ƙashi yana iya kasancewa ya murƙushe. Dattijon da fitsari yake ba shi wahala tun da daɗewa sa'an nan ciwon baya ya biyo, da macen da take da ƙullutu a nono, su ma likita za su gani. Ciwo a gefe guda ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi da zafin fitsari, ƙoda ce. Mai ciki da baya ya riƙe ta tare da zubar jini ko ruwa, asibitin haihuwa za ta nufa. Duk waɗannan ba aikin tausa ba ne.

To, sauran mutum 9 fa? Abin da muka gada shi ne a shimfiɗa tabarma a kwanta sai ciwo ya tafi. Likitoci ma haka suke cewa a dā. A 1995 aka buga wani bincike da aka yi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, a kan ma'aikata 186 da baya ya riƙe su. An kasa su uku. Kashi ɗaya aka ce su kwanta kwana 2, kashi ɗaya aka ba su atisayen baya tun ranar farko, kashi na uku aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya jurewa. Na ukun nan su ne suka riga kowa warkewa suka koma aiki. Waɗanda suka kwanta su ne na baya. Dalilin ba boyayye ba ne. Tsokar da ba ta aiki takan sage ta raunana cikin 'yan kwanaki, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Ga kuma tsoro: wanda ya kwanta mako biyu yakan soma jin cewa bayansa ya lalace, sai ya riƙa tafiya a ƙage, tsokoki su ƙara ɗaurewa.

Ban ce wanda baya ya riƙe shi jiya ya ɗauki garma yau ba. A kwanakin farko a ajiye aiki mai nauyi. Amma a tashi, a zaga tsakar gida, a je bakin hanya a dawo, a zauna kaɗan, a kwanta kaɗan, kada a daɗe a hali guda. Kowace rana a ƙara 'yar tafiya. A jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a ɗora a wurin kamar minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. Ruwan ya zama wanda hannu zai iya jurewa. Mai ciwon sukari da duk wanda fatarsa ba ta jin zafi sosai, wani ya gwada masa ruwan tukuna, don mun ga ƙuna mai muni daga gashi. Tausa a hankali da man kaɗanya tana kawo sauƙi. Sa yara su hau su taka baya kuwa, ban da tsofaffi, ban da wanda ya faɗi, ban da mai doro. Wajen barci, a kwanta ta gefe a sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyi, ko a kwanta rigingine a sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. In za a tashi, a juya gefe tukuna, a dogara da hannu a taso.

Bari in taɓa maganar kemis. Ibufurofen ko dikulofenak suna rage ciwon, in an sha iri ɗaya, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai hawan jini, da mai ciki, kada su sha sai ma'aikacin lafiya ya yarda. Abin da yake damuna shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a leda, ƙwaya biyar ko shida masu launi dabam dabam. Sau da yawa biyu ko uku daga ciki aikinsu ɗaya ne, sun taru ne kawai su ci ciki da ƙoda, wani lokaci kuma da ƙwayar da take kumbura fuska ta tada sukari. Taramol kuwa kun ga abin da ya yi wa samarinmu. Ana fara shi don a iya huɗa, a ƙare ba a iya tashi sai da shi. Allura ma ba ta fi ƙwaya ba, magani ɗaya ne, sai dai ta fi tsada. Na kuma san abin da mai lasifika yake faɗa ranar kasuwa, cewa duk ciwon baya basir ne ko sanyi. Basir a dubura yake, ba ya hawa ƙashin baya. Mai gudawa kwana uku saboda ɗaci da ya sha bai wanke komai daga ƙugunsa ba, ruwan jikinsa ya zubar. Tsaga da ƙaho kuma, in aska ɗaya ce take yawo daga baya zuwa baya, tana iya kawo ciwon hanta ko ƙanjamau.

Sa'ad da zafin farko ya lafa, lokacin atisaye ya yi. A kwanta rigingine a kan tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A kama gwiwa ɗaya da hannu biyu a jawo ta zuwa ƙirji, a ƙirga 10, a sake, a yi ɗayar. Sa'an nan a haɗa gwiwoyi a karkata su dama, a dawo, a karkata hagu, kafaɗu suna ƙasa. Wannan yana kwance sagewar safe. Daga nan a matse ɗuwawu a ɗaga ƙugu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa kamar gada, a ƙirga 5, a sauko a hankali. Wannan gadar ita ce na fi so ku riƙe, domin tsokar ɗuwawu ita ce ya kamata ta ɗauki nauyi sa'ad da ake ɗaga kaya, in ta yi rauni sai aikin ya koma kan ƙugu. Bayan haka a durƙusa kamar mai rarrafe, a gantsare baya, a kuma tura shi sama kamar kyanwa ta tashi daga barci. Wanda ya ƙware, daga nan sai ya miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ya riƙe, ya canja. Na ƙarshe na masu yini a sunkuye ne: a kwanta rub da ciki, a dafa ƙasa da hannuwa a ɗaga ƙirji, ƙugu yana ƙasa. Kowanne sau 10, safe da yamma. Duka ba su wuce minti 15 ba.

Ga yadda za ku gane ko atisayen ya karɓe ku. Ɗan ciwo ko jan tsoka lokacin yi, wanda yake lafawa bayan an gama, ba komai. In kuwa ciwon yana gangarawa ƙafa, jiya a cinya yau a ƙwauri, to a bar wannan motsin a gwada wani. In yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar baya, alama ce mai kyau, ko da na bayan ya ɗan ƙaru. Masu jin ciwo kamar lantarki daga ɗuwawu zuwa ƙafa ɗaya, jijiya ce ta fusata. Yawancinsu suna warkewa ba tare da tiyata ba, sai dai yakan ɗauki wata biyu ko uku. Amma in tafin ƙafa ya soma ja a ƙasa, takalmi yana zamewa, a je asibiti.

Na ga Baba yana murmushi, na kuma san abin da zai ce: "'Yata, mu da muke aiki tun asuba, wane motsa jiki kuma ya rage mana?" Gaskiyarka, Baba. Amma noma motsi ɗaya ne ake maimaitawa sau dubu, a sunkuye. Abin da bayan manomi yake nema shi ne kishiyar wannan. Don haka in ka kai ƙarshen kunya, ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu, ka gantsare baya sau 5 kafin ka kama ta gaba. Ba zai ci maka lokacin kunya ɗaya a yini ba. Kuma kada wanda ya huta da rani ya ce zai gama huɗar gona a kwana biyun farko. A shiga aikin da kaɗan kaɗan, mako na farko rabin yini. Tafiya a miƙe ma magani ce. A wani bincike da aka buga a 2024 a ƙasar Ostireliya, mutum 701 da suka warke daga ciwon baya aka kasa biyu. Waɗanda aka koya wa tafiya a kai a kai sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Matasanmu masu yini a kan babur, da teloli, da direbobi, wannan taku ce.

Ƙotar fartanya ma abin dubawa ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka an hana sa 'yan ƙwadago noma da fartanya mai gajeriyar ƙota tun 1975, saboda abin da take yi wa bayansu. A ƙasar yashi ta Nijar manoma suna noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota. Ƙasarmu mai nauyi ba za ta huɗu da irin wannan ba, na sani. Amma shuka da sungumi a tsaye ake yi, noman ciyawa a wuri mai taushi kuma zai yiwu da ƙota mai ɗan tsawo. A yi magana da maƙeri da mai sassaƙa, a gwada a gona ɗaya a gani.

Kaya kuwa, lissafi ne. Jarkar lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin jarkar. Buhun taki kilo 50. Babban buhun masara yakan kai kilo 100, ya fi nauyin mai ɗaukarsa. A raba shi biyu, ko a kama da mutum biyu, ko a nemi baro. In za a ɗaga abu, a matso kusa da shi, a buɗe ƙafafu, a rungume shi jikin ciki, a tashi da ƙarfin cinya. Kada a murɗa jiki da kaya a hannu, a juya da ƙafafu. Yarinya 'yar shekara 10 ba ta kai ɗaukar babbar jarka ba.

Iyayena mata, naku ya fi na kowa, gama ku gona ɗaya kuke yi da maza, ku dawo ku tarar da wata a gida. Shara da guntuwar tsintsiya, wanki da baho a ƙasa, girki a murhu, daka, ga goyo a baya. A ɗaura wa tsintsiya sanda. A ɗora bahon wanki a kan benci ko kututture, ko a zauna a kujera 'yar tsugunno. A ɗaure goyo sama, ya manne da baya, kada ya yi reto a ƙugu. Mai jego da ta koma ɗiban ruwa da itace kafin jikinta ya koma, ita ce take zuwa wurinmu bayan shekara tana cewa tun haihuwar nan bayanta bai sake zama nata ba. Maigida, makonni 6 na farko, ruwa da itace a wuyanka suke.

Akwai waɗanda ciwonsu ya wuce wata 3, wasu shekaru. Ba ƙarya suke yi ba, ba ragwanci ba ne. Jijiyoyin jin ciwo ne suka zama kamar karen da yake haushi ko ganye ya motsa. Rashin barci, da damuwar bashi, da baƙin ciki suna ƙara masa ƙarfi. Waɗanda aka raba da gidajensu da gonakinsu sun san wannan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan irin wannan ciwo. Ta goyi bayan koyarwa, da atisaye, da tausa, da taimakon da ake yi wa mutum ta hanyar zance a kan tsoro da damuwa. Ta ce kada a dogara da ɗamarar baya, ko na'urar jan baya, ko magunguna dangin taramol. Irin waɗannan 'yan'uwa, kada a bar su a ɗaki. A ba su aikin da za su iya, tsinar iri, kiwon kaji, ɓarar gyaɗa, a riƙa ƙarawa.

In an yi mako 6 ana abin da na faɗa ba sauƙi, a nemi ganin ma'aikacin fisiyo. Akwai sashenmu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitin koyarwa na Jos, da na Shika a Zariya, da na Gombe, da na Maiduguri, da wasu manyan asibitocin jiha. Mun yi kaɗan, yawancinmu kuma a birni muke, saboda haka wanda ya samu zuwa ya ce a nuna masa atisayen da zai yi a gida, ya yi a gaban ma'aikacin har a gyara masa. Ya tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha. Dattawa, ina roƙo, in ɗan'uwa ya kamu a tsakiyar damina a yi masa gayya ta noman firi, domin tsoron rasa gona ne yake sa mutum ya haɗiyi haɗi ya koma garma a rana ta biyu.

Yanzu matasa su taimaka a matsar da bencina baya, a shimfiɗa tabarmi. Mata a wannan gefe, maza a wancan. Masu zane su ɗaura da kyau, za mu fara da jawo gwiwa zuwa ƙirji, zan kuma bi layi in duba kowa.